Gudun Maraton: Masu Lissafin Yini da Masu Lissafin Shekaru

Duk wanda ya nemi sanin asalin tseren nan na dogon zango da ake kira Maraton, wanda a yau dubban jama'a ke fita dominsa a manyan biranen duniya, maza da mata, samari da dattawa, labarin da za a fara ba shi shi ne cewa a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, rundunar Farisawa ta sauka a wani fili na bakin teku mai suna Maraton, mutanen Atina suka fita suka karya ta, sa'an nan wani manzo ya sheƙa a guje tun daga fagen fama har cikin birni, tafiyar kamar kilomita 40, ya yi wa jama'a bushara da nasara, ya faɗi nan take ya cika. Labari ne mai daɗin ji, amma in aka ɗora shi a kan ma'aunin da malamanmu ke auna riwaya da shi, sai a ga isnadinsa da rauni. Hirodotus, wanda ya fi sauran masu tarihi kusa da zamanin yaƙin, bai ambaci wannan gudu ba ko da kalma ɗaya. Abin da ya ruwaito shi ne cewa tun kafin a gwabza an aiki wani mutum mai suna Fidifidis, wanda gudu da saƙo shi ne sana'arsa, zuwa Sifarta neman gudummawa, tafiyar da ta kai kilomita 240, wato kamar daga Kano zuwa Kaduna da ɗan ɗoriya, kuma cikin duwatsu, ya isa washegarin ranar da ya tashi, ya isar da saƙo, ya komo gida da ransa. Ƙissar mai bushara da ya mutu ba ta bayyana a rubuce ba sai bayan fiye da shekara 500, kuma waɗanda suka kawo ta ma ba su yi ittifaƙi a kan sunansa ba.

Abin lura a nan shi ne, da mutanen Turai suka tashi raya wasannin Yunanawa a ƙarshen ƙarni na 19, riwaya mai rauni suka ɗauka, suka bar ingantacciya. Suka fifita wanda ya ba da ransa a yini guda bisa ga gwanin da ya shekara yana horar da ƙafafunsa har tafiyar kilomita 240 ta zame masa aikin yau da gobe. Wani malamin harsuna Bafaranshe, Mishel Bireyal, shi ya kawo shawarar a sa wannan tsere cikin wasannin Olamfik na farko da aka yi a Atina a 1896. Mutum 17 suka tsaya a bakin layi, 13 daga cikinsu Girkawa ne. Wasu daga cikin baƙin da suka zo, irin su Edwin Flak na Ostareliya wanda ya riga ya cinye tseren mita 800 da na mita 1,500 a makon, da Lermuziyo na Faransa, suka fizgi gudu tun daga farko bisa ga abin da suka saba, suka yi wa kowa fintinkau, amma da aka haura kilomita 30 sai suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya shiga fili da farko, bayan sa'a 2 da minti 58 da sakan 50, wani talaka ne mai suna Sifiridon Luwis, mai taya mahaifinsa jigilar ruwan sayarwa daga ƙauyen Marusi zuwa Atina, wanda bai yi gaggawa ba tun da aka tashi.

Shekarun da suka biyo baya sun cika da abubuwan ban tausayi da na ban dariya, don a lokacin ana ganin Maraton jarrabawa ce ta yini ɗaya wadda ake ci da taurin rai, har masu horarwa na ɗaukar shan ruwa a kan hanya rauni ne ko cuta. A San Luwis ta Amurka, a 1904, cikin zafi da ƙura, mutum 14 kaɗai suka kai ƙarshe daga cikin 32. Wanda ya ci, Tomas Hiks, masu kula da shi sun riƙa ɗirka masa farin ƙwai da barasa da 'yar guba irin ta kashe ɓera don su farfaɗo da shi, wani kuma ya hau mota ya yi kaso mai yawa na hanyar a zaune. A Landan, a 1908, inda aka auna hanya daga fadar Winsa zuwa filin wasa ta kama kilomita 42 da mita 195, tsawon da aka tsayar ya zama ƙa'ida tun 1921, wani Ba'italiye mai aikin kayan zaƙi, Dorando Fiyetiri, ya shigo fili a gaban kowa amma ba ya cikin hayyacinsa, ya juya inda ba nan ne hanya ba, ya faɗi har sau biyar ana tayar da shi, daga bisani aka ƙwace nasarar saboda taimakon da aka yi masa. Jama'a sun fi son labarinsa a kan na wanda ya ci.

Sai shekara ta 1912, a Sitokholm ta ƙasar Suwidin, inda aka sami mutumin da a ganina ya fi kowa cancantar a tsaya a kansa. Sunansa Shiso Kanakuri, ɗalibin makarantar horon malamai ta Tokiyo, haifaffen lardin Kumamoto a 1891, ɗaya daga cikin mutum biyu da Japan ta fara aikawa wasannin Olamfik a tarihinta. Ya bi jirgin ruwa, sa'an nan jirgin ƙasa ya ratsa Saberiya da shi, tafiyar fiye da mako biyu, yana sauka a tashoshi ya ɗan zaga da gudu don kada ƙafafunsa su sage; ya iso ƙasar da abincinta baƙo ne a gare shi, kuma rana ba ta cika faɗuwa da bazara balle mutum ya sami barci. Ranar tseren, 14 ga Yuli, aka wayi gari da zafin da mutanen ƙasar ba su saba gani ba. Cikin mutum 68 da suka tashi, kusan rabi ba su ƙarasa ba, wani ɗan Fotugal ma, Faransisko Lazaro, ya faɗi a hanya, washegari ya mutu. Shi kuwa Kanakuri, da ya wuce rabin hanya da kaɗan, a wata unguwa mai suna Solentuna, ƙarfinsa ya ƙare, wasu mutanen gida suka shigar da shi lambunsu, suka ba shi abin sha, suka kula da shi har ya farfaɗo. Kunya ta hana shi komawa ya shaida wa alƙalan wasa abin da ya faru. Ya tattara kayansa ya koma ƙasarsu, mutanen Suwidin suka daɗe suna ba da labarin ɗan Japan ɗin da ya ɓace a tsakiyar tsere.

Da a ce ya yi wa kansa hisabi da wannan yini kaɗai, da nan labarinsa ya ƙare, kuma da ba wanda zai zarge shi. Amma saurayin, yana da shekara 20 a lokacin, sai ya ɗauki faɗuwarsa a matsayin mas'alar da ke bukatar bincike, ya zauna ya rarrabe illolinta ɗaya bayan ɗaya. Tun da zafi ne ya kayar da shi, sai ya koma yin gudu a bakin teku a tsakiyar zafin bazara, da hunturu kuma cikin sanyi. Tun da safar ƙyallen da mutanen Japan ke sawa ta yayyage a kan titin Turai mai tauri, sai ya haɗa kai da wani maɗinki a Tokiyo suka yi ta gyara ta har suka sa mata tafin roba. Ya shirya wa wasannin 1916 yana kan ganiyar ƙarfinsa, Yaƙin Duniya na Farko ya sa aka fasa su. Ya je Antiwaf a 1920 ya zo na 16, ya je Faris a 1924 yana da shekara 32 bai ƙarasa ba. Ta fuskar lambobin yabo, ke nan, bai taɓa kawo wa ƙasarsa ko tagulla ba. Sai dai tun kafin wannan lokaci ya riga ya ɗaga ganinsa daga kan kansa zuwa kan waɗanda za su zo bayansa, don ya fahimci cewa ƙasar da ba ta da masu gudu da yawa ba za ta fitar da gwani guda ba. Shi ya sa a 1920 ya jagoranci kafa tseren miƙa-miƙa na ɗaliban jami'o'i daga Tokiyo zuwa Hakone da komowa, wanda har yau ake yinsa ran 2 da 3 ga Janairu, zango goma, fiye da kilomita 200, al'ummar ƙasar na zaune gaban talbijin suna kallo.

Ya kamata a ɗan tsaya a faɗi dalilin da ya sa wannan tsere ba ya karɓar gaggawa, don al'amarin yana da asali a cikin halittar jiki. Jikin ɗan Adam yana ajiye wani nau'in sukari a hanta da tsoka, shi ne makamashin da ke saurin kamawa, amma abin da yake iya ajiyewa ba ya wuce na tafiyar kilomita 30 ko kusa da haka in ana gudu sosai. In ya ƙare sai jiki ya koma kan kitse, wanda yake da yawa amma ba ya ci da sauri, nan take ƙafafu su yi nauyi, gani ya dushe. Mai fizgar gudu tun daga farko misalinsa misalin maigidan da ya buɗe rumbu tun da kaka yana ɗiba ba lissafi, ya tarar da shi wayam a tsakiyar damina, daidai lokacin da noma ke neman ƙarfi. Horo na tsawon lokaci shi ke koya wa jiki ya riƙa cin kitse da wuri ya tattala sukarin, ya ƙara yawan jini, ya yawaita ƙananan hanyoyinsa cikin tsoka, ya ƙarfafa zuciya har bugunta in mutum na hutawa ya sauko zuwa 50 a minti ko ƙasa da haka. Kuma gaɓoɓin ba sa amsa horo tare: numfashi da zuciya sukan gyaru cikin makonni, alhali jijiyoyi da ƙasusuwa sai an yi watanni, wani lokaci shekaru. Daga nan ne mafi yawan masu sabuwar himma ke samun rauni, don ƙirjinsu ya ce musu a ƙara, agararsu kuwa ba ta shirya ba. Likitocin dā ba su jahilci wannan ba. Ibn Sina a cikin Alƙanun ya gabatar da motsa jiki a kan abinci da barci wajen tadbirin kiyaye lafiya, da sharaɗin a yi shi bisa matsakaici kuma a kan kari.

Wanda ya mai da wannan sani ya zama tsararren manhaji ba likita ba ne, ba kuma malamin jami'a ba. Ata Lidiyad, ma'aikacin masana'antar takalma a Okland ta Niyu Zilan, haifaffen 1917, ya kusa shekara 30 lokacin da wani dattijo abokinsa ya ja shi gudun 'yan kilomitoci, ya ga kansa yana haki kamar zai shiɗe, abin ya dame shi. Ya shafe shekaru yana gwaji a jikinsa, yau ya yawaita gobe ya rage, har ya tsaya a kan cewa mai neman gwaninta ya yi kamar kilomita 160 a mako, a natse, na tsawon makonni, kafin ya taɓa gudun sauri ko kaɗan. Masana na lokacin suka ce zai kashe 'ya'yan mutane. A wasannin birnin Rum na 1960, yaran unguwarsa biyu, Fita Sinel da Mari Halbag, suka ci zinariya a mita 800 da mita 5,000 cikin abin da bai fi sa'a guda ba, shi Halbag ɗin ma hannunsa na hagu ya shanye tun yana saurayi sakamakon rauni a wasan ragbi. Na ukunsu, Bari Magi, ya zo na uku a Maraton.

Wanda ya zo na ɗaya a wannan Maraton ɗin kuwa ba sai an gabatar da shi ga mutumin Afirka ba. Abebe Bikila, sojan tsaron fadar Sarki Haile Selasiye na Habasha, ya yi gudun ba takalmi, da maraice, sojoji na riƙe da jiniyoyin wuta a gefen tsohuwar hanyar Rumawa, ya wuce ta gaban dogon dutsen Aksum da sojojin Musolini suka kwaso daga ƙasarsa a 1937, ya ƙarasa cikin sa'a 2 da minti 15 da sakan 16, shi ne baƙin mutum na farko daga Afirka da ya ci zinariya a Olamfik. Jaridun Turai suka mai da abin baiwa ce kawai ta mutanen tsaunuka, suka manta da shekarun da ya yi a hannun mai horar da shi, Onni Niskanen, mutumin Suwidin. A 1964 aka yi masa tiyata a ciki saura mako biyar a yi tseren Tokiyo, ya je ya sake cinyewa cikin sa'a 2 da minti 12 da sakan 11, don abin da aka tara cikin shekaru ba ya zubewa da kwanciyar 'yan makonni. Da ƙaddara ta same shi a 1969, hatsarin mota ya shanye masa ƙafafu, bai shekara biyu ba sai ga shi yana gasar harbin baka a kan keken guragu a Ingila. Ya rasu a 1973 yana da shekara 41.

A tseren nan na Tokiyo akwai 'yan Japan biyu da labarinsu ya rabu ta hanya mai ban tsoro. Kokici Tsuburaya, soja ne mai ladabi da biyayya, ya shigo fili yana na biyu bayan Abebe, sai wani Baturen Ingila, Bazil Hitli, ya wuce shi a gaban dubban mutanen ƙasarsa, ya tashi da tagulla. Ita ce lamba ɗaya tak da Japan ta samu a guje-guje da tsalle-tsalle a wasannin, wadda Kanakuri ya nema bai samu ba, amma shi Tsuburaya bai ga komai a cikinta ba sai abin kunya, ya ɗaura wa kansa alkawarin wanke ta a Meziko bayan shekara huɗu. Ya matsa wa jikinsa fiye da kima, ciwon baya ya kama shi, aka yi masa aiki a agara, manyansa a soja suka hana auren da ya shirya don kada ya shagala. A Janairun 1968, yana da shekara 27, ya kashe kansa, ya bar wasiƙa yana gode wa danginsa yana cewa ya gaji, ba ya iya ƙara gudu. Ba na ganin laifin nasa ne shi kaɗai, don al'umma ce gaba ɗaya ta tattara darajar mutum ta rataya ta a kan rana guda. Kusan shekara guda kafin wannan, a Maris na 1967, mutanen Suwidin sun gano Kanakuri yana nan da ransa a Kumamoto, suka gayyato shi yana da shekara 75, aka ɗaura masa zare a filin Sitokholm, ya taho da sassarfa cikin kwat ɗinsa ya tsinka, aka yi shela cewa ya gama tserensa cikin shekara 54 da wata 8 da kwana 6 da sa'a 5 da minti 32. Tsohon ya yi raha ya ce tafiya ta yi tsawo, har a kan hanya ya yi aure, ya sami 'ya'ya 6 da jikoki 10. Ya rayu har 1983.

Na biyu daga cikin 'yan Japan ɗin nan na tseren Tokiyo shi ne Kenji Kimihara, ma'aikacin kamfanin ƙarfe, wanda aka fi sa wa rai a Tokiyo amma ya zo na 8, ya yi baƙin cikin da har ya jingine gudu na wani lokaci. Da ya dawo ya ci tseren Bostan a 1966, ya ci azurfa a Meziko a 1968 a bayan Mamo Wolde na Habasha, wanda shi ma yana da shekara 36 a lokacin, kuma shekara 12 ke nan tun da ya fara zuwa Olamfik a Melbon aka fitar da shi tun zagayen farko. An san Kimihara da wata dabara da ya sha bayyanawa: in wahala ta kai masa iya wuya a tsakiyar tsere, ba ya tuna kilomitocin da suka rage, sai ya ce wa ransa a kai falwayar can ta gaba tukuna, in ya kai ya sake zaɓar wata. Mai karatu zai ce ai wannan ya saɓa wa abin da ake faɗa na hangen nesa, amma a ganina ba su saɓa ba, don mutumin da ya riga ya sallama cewa al'amarinsa na shekaru ne, shi ne ke iya taƙaita ganinsa a kan taku ɗari ba tare da fargaba ba, kasancewar ba a wannan yini za a yanke masa hukunci ba.

Ana cikin haka tseren ya fita daga hannun gwanaye ya shiga hannun gama-garin mutane, kuma ta hanyar Lidiyad ya fita. A farkon shekarun 1960 ya tara wasu magidanta masu teɓa a Okland, har da waɗanda suka taɓa ciwon zuciya, ya koya musu sassarfa bisa ƙa'idar cewa kada mutum ya yi gudun da zai hana shi zance da na kusa da shi. Bil Bawaman, mashahurin mai horarwa daga Oregon ta Amurka, ya ziyarce su a 1962, ya bi su hawan wani tudu, ya ga wani tsoho da ya haura shekara 70 yana rage gudu don ya jira shi. Ya koma gida ya wallafa ɗan littafi a kan sassarfa wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan guda. Maraton na farko na birnin Niyu Yok, a 1970, mutum 127 suka shiga, 55 suka gama. A 'yan shekarun nan masu gamawa sukan haura 50,000, kuma mafi yawansu sun san tun kafin su tashi cewa wanda zai ci ya riga su isa da sa'a biyu ko uku. Mata ma, waɗanda aka daɗe ana hana su bisa da'awar cewa jikinsu ba zai ɗauka ba, an buɗe musu Maraton a Olamfik tun 1984.

A cikin irin wannan taro ne Kimihara ya koma Bostan a 2016, bisa gayyatar da masu tseren suka yi masa don cikar shekara 50 da nasararsa. Yana da shekara 75, ya bi hanyar nan da ya taɓa cinyewa cikin sa'a 2 da minti 17, wannan karo cikin kusan sa'a 5, a tsakiyar ma'aikatan ofis da malaman makaranta da 'yan fansho, kuma ya ƙarasa, kamar yadda ya ƙarasa kowane Maraton da ya taɓa shiga a rayuwarsa, fiye da guda 70.